Yadda Farfesa Ya Yi Wa Lambun Gwaggo Aski

A layinmu akwai wani mai gyaran rediyo da kowa ke kira Farfesa. Ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya raɗa wa kansa, ya kuma rubuta da jan fenti a ƙofar shagonsa. In ka kai masa rediyo mai shaƙewar murya, sai ya yi maka bayanin awa guda a kan yadda magana ke tafiya a cikin iska, sannan ya dawo maka da ita ta yi tsit gaba ɗaya, ya ce ai shaƙewar ka ce a cire, ga shi an cire.

Yana da gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, mai sayar da ganyen magani. Lambunta yana ƙarshen layi, da katanga da ƙofar langa-langa. Shekara talatin tana renonsa. Akwai zogale layi-layi, da ɗoɗɗoya, da na'a-na'a, da darbejiya biyu, ga filasko mai wanke ciki can a lungu, sai wani ƙaton maɗaci a tsakiya wanda ya girmi duk mazan layin. In Gwaggo za ta tsinki ganye, ta ɗauki kashi ɗaya ta bar biyu. In za ta ɗebi ɓawon maɗaci, faɗin tafin hannu take yankowa a gefe guda, ta shafe wurin da laka, ba ta sake taɓa shi sai ya warke. A inuwa take shanya. Shi ya sa ganyenta ke bushewa kore shar, kuma ba watan da za ka je ta ce maka ya ƙare.

Wata rana aka gayyace ta taron bita kan yadda ake ɗiban tsirran magani ba tare da an kashe su ba. Gwiwa ta hana ta zuwa, ta aiki Farfesa ya sauraro mata. Ya isa ana dab da rabon abinci, ya ci, ya samu kujera ƙarƙashin fanka, bai farka ba sai da ana tafi. Ya dawo da hula mai hoton ganye da takardar shaidar halarta.

"Me suka ce?" Gwaggo ta tambaye shi.

"Gwaggo, abin yana da zurfi. Amma a taƙaice, akwai arziki a ganye."

"To, wannan ai ko akuya ta sani."

Ba a yi wata guda ba sai ga saƙo: wani kamfanin haɗa magunguna zai turo ma'aikaciyarsa ranar Asabar ta duba lambun, in ya yi mata, a rinƙa sayen ganyen Gwaggo duk wata. Sai kuma aka yi dace da rashin dace, 'yar Gwaggo ta haihu a wani gari. Ranar Litinin da safe ta ɗaura ɗan ƙunshinta, ta biyo ta gidan Farfesa, ta wuce shi a tsaye yana miƙo hannu, ta damƙa wa matarsa makullin lambu.

"Ruwa kawai za ki ba su, safe da yamma. Asabar da hantsi ina nan. Kada ki bar kowa ya shiga." Ta juyo ta dube shi. "Kowa ɗin nan, da kai nake."

Motar da ta shiga ba ta gama fita daga layin ba Farfesa ya fara zagaya matarsa.

"Maman yara, ke kin san yadda kamfani yake kuwa? Tirela suke zuwa da ita. Gwaggo za ta fito musu da 'yan ƙulle-ƙullenta kamar mai sayar da gishiri, su yi dariya su tafi. Buhu ashirin ya kamata su tarar. Ni na yi kwas ɗin abin nan."

"Baban yara, kwas ɗin barci ka yi. An ce ruwa kawai."

"Ai shi nake nufi. Kawo in ba su ruwan, ke ki huta."

Ta ƙi. Ta rataye makullin a ƙusa bayan labule, ta shiga wanka. Ko da ta fito, ƙusa ce kaɗai.

Farfesa ya kafa hular taro, ya ari adda da buhuna, ya faɗa lambu. Mai aski, wanda shagonsa ke kallon ƙofar lambun, ya ji sara kamar ana faskaren ice, ya bar mutum da rabin kai ya leƙo. Zogale sun koma sanduna. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a kuwa Farfesa tumɓuke su yake yi har da saiwa, yana karkaɗe ƙasar a gwiwarsa.

"Farfesa, lafiya? Sun yi maka laifi ne?"

"Girbi nake yi irin na zamani."

"Na ga Gwaggo tana barin saiwar a ƙasa."

"Shi ya sa har yau ba ta sayi mota ba. Duk ƙarfin magani a saiwa yake. An gaya mana a taro."

"To, wata mai zuwa me za ka girba?"

Farfesa ya tsaya, ya share zufa, ya dube shi da tausayi. "Matsalarku ke nan, ba ku da hangen nesa. Wata mai zuwa ai ina ofis."

"Ni dai a sana'ata, in na aske kai ina barin kan a wuyan mai shi, don ya dawo."

"Je ka ƙarasa wa bawan Allah nan, kumfa na bushewa."

Kafin la'asar ya kwashe zogale da darbejiya da duk abin da ya gani kore, har filaskon lungu, ya danna su wuri ɗaya. Matarsa ta zo ta tsaya a ƙofa, ta riƙe haɓa tana salati. Ya ce mata ta adana mamakinta sai ranar Asabar.

Ranar Talata aka shiga shanya. Farfesa ya ce inuwa aikin masu lalaci ce, rana kyauta Allah ya ba mu. Ya jingina tsani, ya baje ganyen a kan kwanon rufin gidansa, ya sauko yana taƙama. Da azahar iska ta taso. Ganye ya tashi sama kamar an saki fara, ya sauko ko'ina a layin: cikin randunan ruwa, cikin wankin da mata suka shanya, cikin keken tela. Wani dattijo da ke zaune a kujerar mai aski da kumfa fal a kai ya ɗago ya dubi madubi, ya ga kansa ya tsiro.

"Wannan kuma wane irin aski ne?"

"Na zamani ne, Baba," in ji mai aski. "Ga mai shi can yana bin iska da tsintsiya."

Farfesa ya bi layi yana shara yana durawa a buhu, da ganyen da duk abin da tsintsiya ta kamo. Awakin maƙwabta suka ji ƙamshi, suka yi masa jerin gwano. Ya tsaya, su tsaya. Ya tafi, su bi. Wata ja mai ƙaho guda ta samo kan buhun da ke kafaɗarsa ta ɓula shi ta ƙasa, yana gaba yana ɗiba, tana baya tana ci.

"Kun gani ko?" ya ce wa masu dariya. "Dabba ba ta ƙarya. Ta san kaya mai kyau."

Abin da ya tsira daga awaki ya ƙi bushewa a cikin buhu, ya fara ɗumi yana warin ruɓa. Ranar Laraba Farfesa ya tafi wurin mai burodi.

"Mutumina, in ka kwashe burodin safe, ara mini tanda na minti goma. Manyan kamfanoni da inji suke busarwa."

"Ba zai yi mini wari ba?"

"Ƙamshi dai. Kai ne za ka zo kana roƙona."

Mai burodi ya yarda. Farfesa ya zuba farantai shida, ya rufe, ya fito waje ya samu masu jiran burodi, ya fara yi musu bayanin arzikin ganye. Minti goma ya zama hamsin. Sai da wani ya ce, "Malam, arzikin naka ne ke hayaƙi haka?" sannan ya juya. Hayaƙin darbejiya ya turnuƙe gidan burodi, ma'aikata suka fito suna tari da hawaye. Da yamma duk wanda ya sayi burodi a layin ya gutsura sau ɗaya ya tofar. Yara suka yi ta kuka, iyaye suka yi cincirindo a ƙofar mai burodi, shi kuma ya jawo su gaba ɗaya zuwa shagon rediyo.

"Ga shi nan! Shi ya mayar mini da tanda asibiti!"

Farfesa ya fito yana gyara hula. "Jama'a, ku yi godiya. Burodin nan da kuka ci, ba zazzaɓin da zai kusance ku sai baɗi."

"Wa ya ci? Karena ma ya shinshina ya bar gidan!" in ji wani daga cikin iyayen.

Sai da mai aski ya shiga tsakani, aka rabu a kan Farfesa zai wanke tanda da hannunsa. Ya wanke, ya koma gida baƙi wuluk, haƙora ne kawai ke nuna shi ne.

Duk da haka buhu bakwai kacal ya haɗa. Ranar Alhamis ya tsaya a lambu, ya ɗaga kai ya dubi maɗaci.

"Wannan shi kaɗai zai cika sauran."

Matarsa, da ta biyo shi da bokitin ruwa don 'yan kututturen da suka rage, ta dire bokitin. "Baban yara, ka ji tsoron Allah. In ka zagaye shi da sara, mutuwa zai yi. Gwaggo ta sha faɗin haka."

"Ai ba daga ƙasa zan fara ba. Daga sama zan feɗe shi in sauko, kamar ana cire riga."

Ya jingina tsani, ya hau da adda a baki, ya zauna a kan wani reshe. Sara ɗaya ya yi. Ashe a bayan reshen akwai gidan rina. Abin da mutanen layi suka ji shi ne ihu irin wanda ba su taɓa jin ya fito daga rediyon da ya gyara ba. Adda ta faɗo, takalmi ɗaya ya biyo ta, ƙafarsa ta shuri tsani ya kwanta. Farfesa ya rungume reshe yana kaɗa kai, hular taro ta maƙale can sama.

"Maman yara! Tsani! Tsani!"

Ta ɗaga tsanin, ta riƙe shi nesa da bishiyar. "Makulli."

"Wane irin makulli? Ana kashe miki miji!"

"Makulli tukuna."

"Ke, ina ba ki umarni a matsayina na..." Wata rina ta same shi a leɓe. Makulli ya faɗo a gabanta.

Ya sauko da ido ɗaya a rufe, leɓe kamar an ɗora masa soso. Mai aski ya riƙo shi har gida, yana tambayarsa a hanya ko wannan ma a taro aka koya musu.

Kowa ya ɗauka an gama. Amma buhunan bakwai suna shagonsa, ba sa lambu. Ranar Juma'a ya wuni a ɗaki yana jinya, ya hana matarsa kiran mai kemis, ya ce gida da magani buhu-buhu ba a sayen ƙwaya. Ya ɗebi wani ganye da bai ƙone sosai ba, ya dafa, ya yi ta kurɓa.

Asabar tun da sassafe ya jera buhunan a ƙofar lambu, ya aro tebur da kujera, ya sa rigarsa ta zuwa biki. Mutanen layi suka fito, kowa ya nemi wurin tsayawa, don an san yau akwai kallo. Ma'aikaciyar kamfani ta iso kafin Gwaggo, wata mace mai tabarau da littafi a hannu, ba ta da yawan magana. Farfesa ya tare ta da baki a karkace.

"Ranki ya daɗe, barka da zuwa. Ni ne Farfesa, babban manajan wannan lambu."

Ta dubi fuskarsa. "Sannu, Malam. Hatsari kuka yi?"

"Bincike ne, ranki ya daɗe."

"Ina mai lambun?"

"Tana hanya. Amma ita tsohon yayi ce, duk abin da ake bukata yana gabanki."

Ta kwance buhun farko. Wari ya bugo, na gaba-gaba suka ja da baya. Ta sa hannu ta ɗebo: baƙin gari, saiwoyi da ƙasa, kashin awaki, wani guntun burodi. Ta sake zurawa, ta zaro safar yaro ƙafa ɗaya.

"Tawa ce!" wata mata ta ce daga baya. "Tun Talata nake nemanta a igiya!"

"Wannan mene ne, Malam?"

"Haɗi ne na musamman. Maimakon mutum ya sha magani bakwai, sai ya sha ɗaya."

"Na wace cuta?"

"Duk wadda ta zo."

Ta wuce buhu na gaba, ta ɗauko wani ɗan siririn ganye, ta juya shi a tafin hannu. "Wannan fa?"

Farfesa ya washe abin da ya rage na bakinsa. "Yauwa, kin zo wurin. Zogale ne, amma irin na musamman, mai tsini. Ni kaina shi nake sha. Tun jiya da la'asar, kofi huɗu, yau da safe na ƙara biyu. Dubi yadda nake tsaye garau."

Matar ta cire tabarau. "Kofi shida?"

"Manya."

"Malam, wannan filasko ne. Ɗan tsunkule ake sha, a kuma zauna kusa da gida."

Layin ya yi tsit. A cikin shirun nan aka ji wata ƙara, doguwa, mai hawa da sauka, kamar ana jan tebur a kan siminti. Daga cikin Farfesa ta fito.

"Yau kam rediyo ta kama tasha," in ji mai aski.

"Ba komai, alamar... alamar lafiya ce." Gumi ya keto masa. Ya dafa tebur. "Kamar yadda nake cewa, ranki ya daɗe, shirinmu na shekara biyar..."

Ƙarar ta sake zuwa, ta fi ta farko. Farfesa ya haɗe gwiwoyi, ya ce a gafarce shi yana da wani taron gaggawa, ya fara tafiya a hankali irin ta manyan mutane. Taku uku ya yi, sannan ya tattare riga ya zura da gudu. Gidansa yana can farkon layi, ya san ba zai kai ba, ya yi kwana ya faɗa lambu, da matarsa ta bari a buɗe bayan ban ruwan safe, ya shige ɗan banɗakin langa-langa da ke jikin katanga, ya banko ƙofa.

Ana cikin dariya Gwaggo ta sauko daga mota da ƙunshinta. Ta ratsa mutane, ta shiga lambu, ta tsaya. Dariyar ta mutu. Ta bi layin zogale tana shafa kututture ɗaya bayan ɗaya. Ta durƙusa da gwiwarta mai ciwo inda ɗoɗɗoya take a da, ta ɗebi ƙasar, ta murza, ta zubar. Matar Farfesa ta matso ta tsuguna tana hawaye tana ba da haƙuri. Gwaggo ta ce, "Tashi, 'yar nan. Ni na san wanda na bari a gari."

Ma'aikaciyar ta rufe littafinta. "Mama, ki yi haƙuri. Mu abin da muke nema shi ne wurin da za mu samu kaya bana, mu samu baɗi. Inda ake irin wannan girbi, sau ɗaya ake zuwa."

"Gaskiyarki. Amma zo ki ga wani abu kafin ki tafi."

Ta kai ta gindin maɗaci, ta rinƙa nuna mata tabo-tabo a jikinsa, kowanne ya rufe ya yi sumul. "Wannan shekarar da na aurar da babbar 'yata. Wannan shekarar da aka yi ruwa da yawa. Wancan na bara ne, bai gama warkewa ba, shi ya sa bana ban taɓa gefen ba." Sannan ta kwance bakin zaninta, ta ciro wani ɗan makulli, ta buɗe rumfar da ke bayan bishiyar. Ganye ne a rataye dami-dami, kowane iri da wurinsa, kore shar, ƙamshi ya cika wurin. A kan wani katako a gefe ga kwalabe cike da iri.

Matar ta mayar da tabarau, ta murza ganye, ta shinshina, ta sake buɗe littafi. "Zogalen zai tofo?"

"In ya sha ruwa, zai tofo. Sauran sai an sake shukawa. Ba ni wata uku."

"Wata uku zan dawo. Amma da sharaɗi ɗaya, wancan manajan..."

"Aikinsa ya canza daga yau."

Sai ga murya daga cikin banɗaki, a shaƙe, amma ba ta rasa ƙarfinta ba.

"Gwaggo! Sannu da hanya! Matar kamfanin tana nan?"

"Tana nan."

"Ce mata ta rubuta a littafinta, an gwada maganinmu a gaban jama'a, kuma yana aiki!"

Ma'aikaciyar ta kifa fuska a littafi, kafaɗunta suna rawa. Gwaggo ta ɗauki bokiti biyu mafi girma a lambun, ta je ta ajiye su daidai ƙofar banɗakin.

"Ta rubuta, ɗan nan. In ka fito, ga ofishinka nan. Safe da yamma, wata uku."

Sai muryar ta sake fitowa daga ciki.

"Gwaggo?"

"Na'am."

"A fara lissafin daga gobe. Yau ba na jin zan fito."